Me Ake Nufi Da Magungunan Bayolojik?

Yawancin magungunan da muka saba da su, irin su farasitamol da asfirin, da sinadarai ake haɗa su a masana'anta. Magungunan bayolojik kuwa abu mai rai ne ke samar da su: ƙwayoyin bakteriya, ko yis, ko ƙwayoyin halittar dabba da ake reno cikin manyan tankuna. Wasu kuma daga jinin mutum ko na dabba ake tace su. Kada a ɗauke su da saiwa ko sassaƙe, domin ba maganin gargajiya ba ne.

Insulin ɗin da masu ciwon suga ke amfani da shi yana cikinsu. A 1922 aka fara yi wa mutum allurarsa a Toronto ta ƙasar Kanada, kuma shekaru da dama daga jikin shanu da aladu ake samo shi, sai a 1982 aka amince da wanda bakteriya ke samarwa bayan an dasa mata ƙwayar gadon ɗan Adam. A cikin magungunan bayolojik akwai kuma alluran rigakafi, da wasu magungunan kansar mama, da maganin dafin maciji da ke ceton manoman da kububuwa ta sara a Kaltungo ta jihar Gombe. Shi wannan, doki ko tunkiya ake yi wa allurar dafin kaɗan-kaɗan har jikinta ya haɗa garkuwa, sannan a ɗebi jinin a tace.

Mafi yawansu furotin ne. Idan aka haɗiye su, ciki zai narkar da su kamar tsokar nama, shi ya sa galibi ta allura ko ƙarin ruwa ake ba da su. Ga wahalar haɗawa, ga tsada. Wani kamfanin ma ba ya iya kwaikwayonsu sak, sai dai ya yi mai kama da na asali, wanda ake kira bayosimila, kuma a 2006 Tarayyar Turai ta amince da na farko.

Abin da ya fi damuna shi ne ajiya. Galibinsu suna buƙatar sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a bari su yi zafi, ba a bari su daskare. A inda wutar lantarki ba ta da tabbas, kwalba kan iso hannun majinyaci fes a ido alhali ƙarfin maganin ya ragu. Don haka mai sayen insulin ko maganin dafi ya duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, kuma ya tambayi mai kemis inda ya ajiye shi kafin ya biya.