Kankanar gasa: yadda ake rainon ƙwallo ɗaya har ya haura kilo ɗari

A shekarar 2013 wani manomi mai suna Chris Kent daga jihar Tennessee ta Amurka ya ɗora kankana guda a kan sikeli, ta ba da kilo 159. Kafin shi, a 2005, Lloyd Bright na jihar Arkansas ya fitar da mai kilo 122. A can noman ƙatuwar kankana wasa ne mai ƙa'ida, kuma ƙungiyar Great Pumpkin Commonwealth ce ke kula da yawancin wuraren awo. Duk wanda ke sha'awar gwadawa a fadamarsa, ko don baje kolin amfanin gona ko don gwada gwaninta da maƙwabta, ya fara sanin cewa wannan ba noman kasuwa ba ne. Manomin kasuwa yana son ƙwallo da yawa a kadada. Mai gasa yana sadaukar da shuka guda, da fili mai faɗi, da wata huɗu zuwa biyar, duk saboda ƙwallo ɗaya.

Magana ta farko iri ce, kuma a nan da yawa ke yin asarar wahalarsu. Sugar Baby da Kaolack da muka saba gani a kasuwa, ko an juye musu buhun taki, ba za su wuce abin da aka halicce su a kai ba. Irin da masu gasa ke shukawa shi ne Carolina Cross, kuma a cikinsa ma suna neman ƙwayar da aka ciro daga kankanar da aka auna aka san nauyinta. Ɓawon ƙwayarsa na da kauri, don haka a ɗan goge gefenta da takardar yashi, ban da tsinin da saiwa ke fitowa, a jiƙa ta awa biyu zuwa huɗu, a shuka a leda zurfin santimita 2. Tana son ɗumi, wajen digiri 28 zuwa 32. A dasa da zarar ta yi ganyen gaskiya biyu ko uku, wato ban da ganye biyun farko da ke fitowa daga ƙwaya. Idan ta daɗe, saiwar ta naɗe a gindin leda, shukar ta tsugune.

Lokacin shuka a arewa sai an yi lissafi. Wanda ya shuka a Satumba, ƙwallonsa zai faɗa cikin daren hunturu, girma ya yi sanyi. Wanda ya shuka a farkon Fabrairu zai sami ɗumi, amma fure zai zo dab da zafin bazara, kuma ruwan farko na iya riskar ƙwallon yana tsaka da girma. Mai rijiya ko bohol da ba ya yankewa, Fabrairu ta fi masa.

Fili kuwa, a ware wa shuka ɗaya mita 5 sau 6. Ƙasa mai rairayi-rairayi da ruwa ba ya kwanciya ita ce tata, mai awon tsamin ƙasa, wato pH, tsakanin 6 da 6.8. Kada a cusa taki a rami ɗaya kawai, domin saiwar tana bazuwa har inda yaɗo ya kai. A watsa baro 8 zuwa 10 na ruɓaɓɓen kashin shanu a duk filin, a haɗa da kilo 2 na NPK 15-15-15, a kaftu mako biyu kafin dashe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Filin da aka noma kankana ko kabewa ko guna a shekarun nan a guje shi, saboda ciwon da ke zaune a ƙasa yana toshe jijiyar shuka: da rana ta yi yaushi, da safe ta farfaɗo, bayan kwanaki ta mutu. Shi ya sa masu gasa da yawa ke yi wa kankana aure a kan gindin duma, kamar yadda ake auren mangwaro, domin saiwar duma ta fi jure wannan ciwo. Wanda bai ƙware ba ya bar auren zuwa shekara ta biyu.

Idan yaɗo ya miƙe, a jera rassan kada su hau juna, a danne su da ƙananan sanduna don iska. Duk furen mace da ya fito da wuri a tsinke shi. Ana gane na mace da ɗan ƙwallon da ke bayan furen. Namiji tsinke ne kawai. A jira sai babban yaɗo ya kai mita 3 kuma ganye ya rufe rabin fili, domin ganyen nan shi ke ciyar da ƙwallo. Da yamma a rufe furen macen da zai buɗe gobe da ƙyalle mara nauyi. Da sassafe, kafin ƙarfe 8, a tsinko furen namiji biyu ko uku, a cire ganyayyakin furen, a shafa hodar da ke cikin furen namijin a dukkan ɓangarorin tsakiyar furen mace, a sake rufewa. Idan wani ɓangare bai sami hoda ba, ƙwallon yakan fito a karkace, wuya siriri, ciki ƙato, kuma irin wannan ba ya nisa.

A bar ƙwallo biyu ko uku har kwana 10 zuwa 14, ana auna kewayensu da tef ɗin tela kullum da safe. Wanda ya fi saurin ƙaruwa kuma ya miƙe sambal shi ne zaɓi, sauran a yanke. Hannu yakan yi nauyi a nan, amma ƙwallo biyu a shuka ɗaya raba abinci ne. Daga ranar, duk sabon ƙwallon da ya ɓullo a cire shi yana ƙarami.

Ruwa shi ke yanke hukunci. A zafin Afrilu kowace murabba'in mita mai ganye tana zubar da lita 5 zuwa 6 a rana, ke nan shukar da ta cika filinta tana buƙatar lita 150 zuwa 180, wajen jarka 6 ko 7 mai lita 25. A raba safe da yamma, a zuba a ƙasa, ban da kan ganye ko gindin shukar. Abin da ke kashe ƙatuwar kankana shi ne yau ƙishi, gobe ambaliya. Naman ciki ya kumbura da sauri, ɓawo ya kasa bin sa, a wayi gari ta tsage. Rashin daidaiton ruwan nan ne kuma ke hana sinadarin kalsiyam isa gindin ƙwallo, wurin ya yi baƙi ya lotse. Bayan ƙwallo ya kama, a rage yuriya sosai, a koma takin da fotash ya fi yawa, kaɗan-kaɗan duk mako. Yuriya mai yawa ganye take tarawa, ta gayyato darɓa.

Tun ƙwallon yana kamar tulu a shimfiɗa masa yashi mai kauri ko katako mai huji, domin idan ya kai kilo 40 juya shi kasada ce. A sassauta yaɗon da ke kusa da mariƙinsa, in ba haka ba yana girma yana ja har ya tsinke kansa. A kafa masa rumfar buhu ko zana, tsayin da iska za ta ratsa, saboda rana tana ƙona bayansa kuma tana sa ya nuna da wuri. Kankanar da ta nuna ta gama girma. Ƙudan da ke huda 'ya'yan itace yana sa ƙwai a ƙwallo tun yana ɗanye, don haka a lulluɓe shi da gidan sauro tun makon farko. A riƙa ɗaga ganye ana duba ƙarƙashinsa: ɗigo-ɗigon rawaya da ɗan saƙa alamar jan gizo-gizo ne, fari kamar an barbaɗa gari kuwa ciwon hoda ne. Feshi sai da yamma, bisa awon da ke jikin kwalba.

A ganiyarsa, wajen kwana 20 zuwa 45 bayan barbara, wato shafa wa furen mace hoda, ƙwallo mai lafiya yana ƙara kilo 1 zuwa 2 a rana, sannan ya lafa a hankali. Idan tef ya nuna awo ɗaya mako guda cur, ya tsaya. A yanke da ɗan guntun yaɗo, ranar awo ko jajiberinta, domin kullum da ya kwana a yanke yana rage nauyi. A ɗauke shi a kan tamfol, mutum huɗu, kowa da kusurwarsa. Alƙalan awo ba sa karɓar ƙwallon da tsaga ko huji ya kai cikinsa, ko mai ruɓa. Wanda ya fara bana, kilo 40 zuwa 60 ya isa buri. Ya wanke ƙwayar wanda ya fi nauyi, ya shanya a inuwa, ya rubuta nauyin da shekarar a jikin takardar da ya naɗe ta.