Tallafi da Sharaɗin Aiki a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Tun 1996 Amurka ta ɗaure tallafin kuɗin da take ba iyalai matalauta da sharaɗin aiki. Masu goyon bayan tsarin suna cewa ya raba miliyoyin iyaye mata da zaman jiran gwamnati. Masu sukarsa suna cewa ya raba su ne da tallafin, ya bar su da talaucin. Kowane ɓangare na da hujja a hannunsa.

Daga ina wannan tsari ya faro?

Tun 1935, zamanin Shugaba Franklin Roosevelt, gwamnatin Amurka ke ba iyalai masu yara kuɗin wata-wata, a shirin da daga baya aka sani da AFDC. Yawancin masu karɓa mata ne da ke renon 'ya'ya su kaɗai. Duk wadda ta cika sharuɗɗa haƙƙinta ne ta samu, kuma babu iyakar shekaru. Babban aibin shirin shi ne, in uwa ta samu aiki, bayan 'yan watanni kusan kowace dala da ta samo sai a zabtare kwatankwacinta daga tallafinta. Wato ta yi aikin ko ta zauna a gida, abin da ke shiga hannunta kusan ɗaya ne.

Zuwa 1994 iyalai kusan miliyan 5 ke cikin shirin, mutum sama da miliyan 14. Bill Clinton ya yi yaƙin neman zaɓen 1992 da alkawarin sauya tsarin. Sau biyu yana ƙin sa hannu a kan ƙudurin da 'yan Rifablikan suka kawo masa daga majalisa, sai a karo na uku, ranar 22 ga Agusta 1996, ya sa. Daga nan aka soke AFDC, aka kafa sabon shirin tallafi mai suna TANF a madadinsa.

Wane sharaɗi aka gindaya wa mai karɓa?

Uwa mai reno ita kaɗai sai ta yi awa 30 a mako tana aiki ko wata hidimar da doka ta yarda a lissafa a matsayin aiki. In tana da yaron da bai kai shekara 6 ba, awa 20 ne. Kuɗin gwamnatin tarayya ba ya wuce wata 60 a tsawon rayuwar mutum, kodayake an yarda jiha ta ɗaga wa kashi 20 cikin 100 na masu karɓa ƙafa saboda tsananin hali. Wasu jihohin sun rage wa'adin da kansu, har jihar Arizona ta mayar da nata wata 12. Wadda ta saɓa sharaɗi kuma a rage mata kuɗin, a jihohi da yawa ma a yanke na gidan baki ɗaya, har da rabon yaran.

Su ma jihohi an ɗora musu nasu nauyin: rabin iyalan da ke cikin shirin su kasance suna aiki ko shirin aiki. A madadin haka tarayya na ba su dunƙulallen kuɗi, dala biliyan 16.5 a shekara, su sarrafa yadda suka ga ya dace.

Me za a yaba wa tsarin a kai?

A shekarun farko an ga canji na zahiri. A 1993 kimanin kashi 44 cikin 100 na iyaye matan da ba su taɓa aure ba ke aiki, zuwa 2000 sun kai kusan kashi 66. Talaucin yara ya sauko daga kashi 20.5 a 1996 zuwa 16.2 a 2000, kuma a tsakanin yaran baƙar fata ya sauka inda ba a taɓa gani ba kafin lokacin. Iyalan da ke karɓar tallafi sun ragu da fiye da rabi.

Akwai kuma abin da alƙaluma ba sa nunawa sosai. Ofishin tallafi da a da aikinsa cike fom da duba wa ya cancanta, ya fara tambayar mace me ta iya da me ke hana ta fita. Jihohi sun karkatar da kuɗi masu yawa zuwa biyan kuɗin gidajen renon yara. Da yawansu sun daina zabtare tallafi dala-da-dala, suka bar mai aiki ta riƙe wani kaso na albashinta ba tare da an taɓa tallafinta ba. Wannan kaɗai gyara ne babba, domin ya sa fita aiki ta zama riba. Kuma a ganina ba ƙaramin abu ba ne yaro ya taso yana ganin uwarsa na karɓar albashin guminta.

To dokar ce kaɗai ta jawo wannan ci gaba?

A'a. Ta zo ne daidai lokacin da tattalin arzikin Amurka ke bunƙasa, rashin aikin yi ya sauko zuwa kashi 4 cikin 100 a 2000, masu kantuna da gidajen abinci suna neman ma'aikata ruwa a jallo. Kafin nan, a 1993, an faɗaɗa EITC, wani kuɗi da hukumar haraji ke ƙara wa mai ƙaramin albashi sau ɗaya a shekara, wanda ga mai yara kan kai dubban daloli. An kuma ƙara mafi ƙarancin albashi a 1996 da 1997. Masana tattalin arziki da dama suna ganin waɗannan sun taka rawa ko dai daidai da dokar ko ma fiye da ita. Abin da ke ƙarfafa ra'ayinsu shi ne, bayan 2000 da tattalin arziki ya yi sanyi, wani ɓangare mai yawa na ci gaban ya zaizaye alhali dokar tana nan yadda take.

Wanne ya fi: a tura mutum aiki nan take, ko a fara koya masa sana'a?

An gwada duka biyun, kuma gwaji mai tsari. Cibiyar bincike ta MDRC ta riƙa raba masu neman tallafi gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu su shiga shirin, wasu kuma a bar su, sannan a bi su shekaru ana duba albashinsu. A gundumar Riverside ta jihar Kalifoniya an bi tsarin kama duk aikin da ya samu, ko wane iri ne. Sakamakon farko ya burge 'yan siyasa ƙwarai, har ya yi tasiri a dokar 1996. Amma da aka ci gaba da bin sawun mutanen, sai aka ga tazarar da suka ba sauran tana raguwa shekara bayan shekara, waɗanda aka fara ba horo a wasu gundumomin suna kamo su.

Birnin Portland na jihar Oregon ne ya yi zarra a wancan zagayen gwaji. Can ba a yi wa kowa kuɗin goro ba. Wadda ke da ƙwarewa a tura ta neman aiki, wadda ke buƙatar gajeren horo a ba ta, kuma ana ba su shawarar su ɗan jira aikin da ke da albashi mai kyau da hanyar ci gaba maimakon su faɗa wa na farko da ya zo. Cikin shekara 5 abin da suka samu ya ɗara na takwarorinsu da kusan kashi 25 cikin 100.

Daga baya an samu shirye-shiryen da ke horar da mutane kan takamaiman sana'ar da kamfanonin yankin ke neman ma'aikata a kanta. Project QUEST a San Antonio ta jihar Teksas na biya wa mutum kuɗin karatun aikin jinya da makamantansa, yana taimaka masa da kuɗin mota da reno, ga mai ba da shawara da ke bibiyarsa har ya gama. An bi waɗanda suka shiga kusan shekara 10, aka tarar har lokacin albashinsu na gaban na waɗanda ba su shiga ba. Per Scholas, da ya faro a unguwar Bronx ta Niyok, yana yin irin wannan a fannin kwamfuta. Abin takaici, dokar TANF ba ta lissafa koyon sana'a a matsayin cikakken aiki fiye da wata 12 a rayuwar mutum, alhali kwas ɗin jinya mai kyau kan ci shekara 2.

Gwajin jihar Minnesota da ake kira MFIP ya nuna wani abu daban. A wasu gwaje-gwajen da aka tilasta aiki kawai, albashi ya ƙaru, tallafi ya ragu, kuɗin gida bai wani canja ba. A MFIP kuwa, inda aka haɗa sharaɗin aiki da ƙarin kuɗi a kan albashi, talauci ya ragu, yara ƙanana ma suka ƙara ƙoƙari a makaranta. Malamai kan kawo labarin mutumin da ya zo roƙo wurin Manzon Allah (SAW), aka sayar da 'yan kayansa dirhami biyu, aka umarce shi ya kai wa iyalinsa abinci da ɗaya, ya sayi gatari da ɗayan ya tafi itace. An tura shi aiki, amma sai da aka tabbatar da abincin gida da kayan aikin.

Ina babbar matsalar take?

A wurin ma'aunin nasara. Dokar na sauƙaƙa wa jiha nauyin da aka ɗora mata gwargwadon yadda ta rage yawan masu karɓa, ba tare da an tambaya ina suka tafi ba. Matar da ta samu aikin asibiti da wadda aka kora saboda ta makara wurin ganawa da jami'i, duka ragi ne a lissafi. A 1996, cikin kowane iyali 100 masu yara da ke fama da talauci, 68 na samun tallafin kuɗi. Zuwa 2020 sun koma 21.

Dala biliyan 16.5 ɗin nan kuma ba a ƙara ko sisi a kanta ba tun 1996, tsadar kaya ta cinye fiye da kashi 40 cikin 100 na darajarta. Da tattalin arziki ya durƙushe a 2008, rashin aikin yi ya kai kashi 10, masu karɓar tallafin abinci sun tashi daga kusan miliyan 26 zuwa sama da miliyan 47 cikin 'yan shekaru, amma TANF da ƙyar ya motsa. Sharaɗin aiki ba shi da ma'ana a garin da babu mai ɗaukar ma'aikata.

Ga kuma sakin mara da aka yi wa jihohi. Cikin kuɗin shirin, abin da ke zuwa hannun iyalai a matsayin kuɗi bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, na horo da neman aiki ma kusan kashi ɗaya cikin goma ne kacal. Sauran ana toshe wasu ramukan kasafi da shi. A Misisipi, ɗaya daga cikin jihohin da suka fi talauci, binciken da aka yi ya gano an karkatar da kimanin dala miliyan 77, har da miliyan 5 da aka zuba a ginin ɗakin wasan ƙwallon raga na wata jami'a. Tsohon shugaban hukumar jin daɗin jama'a ta jihar ya amsa laifinsa a kotu a 2022. A daidai wannan lokacin, iyali mai mutum uku dala 170 suke karɓa a wata, sai a 2021 aka mayar da shi 260.

Me ke sa uwa ta samu aiki kuma ta kasa riƙe shi?

A ɗauki mace mai yara biyu a jihar da ke biyan mafi ƙarancin albashin tarayya, dala 7.25 a awa, wanda bai canja ba tun 2009. In ta yi awa 40 kowane mako, shekara guda cur ba hutu, dala 15,080 za ta samu. Ma'aunin talauci na iyali mai mutum uku a 2024 dala 25,820 ne. Aikin nata a gidan abinci ne ko gidan kula da tsofaffi, ana canja mata lokaci kowane mako, yau safe gobe dare, gidan reno kuma yana rufewa da yamma. Yaro ya kwana da zazzaɓi, ba hutun jinya mai albashi, ta yi fashin kwana biyu a sallame ta. Tallafin reno da ya kamata ya rufa mata asiri, kusan yaro ɗaya cikin shida da suka cancanta ne ke samunsa. In ma ta dace an ƙara mata albashi kaɗan, tana iya tsallake iyakar cancanta ta rasa tallafin renon gaba ɗaya, ƙarin ya zame mata asara.

Wane gyara ya kamata a yi?

Na farko a wurina shi ne a canja abin da ake aunawa. A tambayi jiha nawa ne cikin waɗanda suka fita daga shirin ke aiki bayan shekara guda, kuma nawa suke samu. Wata doka ta 2023 ta fara buƙatar jihohi su riƙa ba da irin wannan rahoto, mataki ne mai kyau in an bi shi da gaske. Sai a ƙayyade kason da dole ya tafi ga kuɗin hannu, reno da horo, a kuma ɗaure kasafin da hauhawar farashi. A ɗage iyakar wata 12 ga mai koyon sana'ar da ake nema a kasuwa. Tallafi ya riƙa raguwa sannu a hankali yayin da albashi ke ƙaruwa.

Lokacin da aiki ya yi ƙaranci, gwamnati na iya biyan albashi ko wani kasonsa don kamfani ya ɗauki mutum. An yi haka a 2009 da 2010 da wani kaso na asusun gaggawa na dala biliyan 5, aka samar da guraben aiki kusan 260,000, amma aka bar asusun ya ƙare. Akwai kuma kuɗin ciyar da yara da uban da ba ya zaune da su ke biya: jihohi da yawa na riƙe shi don mayar da abin da suka kashe, jihar Colorado kuwa tun 2017 take miƙa wa uwa dukansa. Kafin a yanke wa gida tallafi, wajibi ne jami'i ya zauna da matar ya ji dalili, domin cikin waɗanda hukuncin ke faɗa wa akwai masu rashin lafiya, masu jinyar yaro, da waɗanda miji ke duka.

Baƙi mazauna Amurka, ciki har da Hausawan Najeriya, Nijar da Gana, suna iya shiga?

Dokar 1996 ɗin ce ta hana mafi yawan baƙin da suka shigo bisa ƙa'ida karɓar TANF na kuɗin tarayya har sai sun cika shekara 5 da samun izinin zama. 'Yan gudun hijira ba sa cikin wannan hani, kuma wasu jihohi kamar Kalifoniya da Niyok na cike giɓin da kuɗinsu. Yaron da yake ɗan ƙasa ana iya neman tallafi da sunansa ko da iyayensa ba su cancanta ba. Sai dai karɓar tallafin kuɗi na cikin abubuwan da hukumar shige da fice ke dubawa wajen ba da katin zama na dindindin, don haka mai niyyar nema ya fara tuntuɓar lauyan da ya san harkar kafin ya cike fom.