Waiwaye: Yadda Raba Ƙafa Ya Zama Ruwan Dare a Wasan Zuga na Amurka

Duk shekara idan Afrilu ya kama, kakar gasar 'yan zuga (cheerleading a Turance) a Amurka ta zo gangara, sai tsohuwar gardama ta sake tashi tsakanin iyaye da masu horarwa: daidai ne yarinya ɗaya ta yi wa tawaga biyu ko uku wasa a gasa guda? Wasu na cewa ha'inci ne, ana sauko da gwanaye cikin 'yan koyo don a kwashe kofi. Masu ƙananan kulob na cewa in aka hana su raba ƙafa, sai dai su rufe ƙofa. Iyaye kuma lissafin kuɗi suke yi da na ciwon gwiwa. Kowa na magana kamar jiya abin ya faro, alhali saiwarsa ta doshi shekara 40 a ƙasa.

Wasan da ake wannan ja-in-ja a kansa ba shi ne na tsayawa gefen fili ana zuga 'yan ƙwallo ba. Shi ne na gasa zalla, wanda suke kira All Star. Tawaga takan hau dandamali mai sifirin a ƙasa, ƙafa 54 a tsawo, 42 a faɗi, ta yi minti biyu da rabi tana alkafura, tsalle, ɗaga mutum sama, cilla shi a cafe, gina dala da jikin mutane, sannan rawa. Alƙalai su ba da maki. Yawancin 'yan wasan mata ne, daga 'yan firamare zuwa masu gama sakandare, ko da yake akwai maza.

Farkon labarin sananne ne. A watan Nuwamba na 1898 wani ɗalibi, Johnny Campbell, ya jagoranci 'yan kallo da kirari a Jami'ar Minesota. Harkar maza ce da fari, mata suka shigo a shekarun 1920, suka rinjaya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da samari suka tafi fagen daga. A 1948 Lawrence Herkimer ya kafa ƙungiyar 'yan zuga ta ƙasa, NCA, a Dalas ta jihar Teksas, ya shiga koyar da 'yan zuga a sansanonin hutu. Daga nan aka samu gasa, aka samu talabijin. Duk tsawon wannan zamani babu maganar raba ƙafa, domin tawagar makaranta ce: makarantarki ɗaya, tawagarki ɗaya.

Inda ya kamata a tsaya a duba da kyau shi ne shekarun 1980 zuwa 1990, lokacin da wasan ya fita daga harabar makaranta ya koma zaurukan horo masu zaman kansu. Masu ba da tarihi sukan wuce wurin da jimla ɗaya, su ce an samu tawagogin da ba na makaranta ba, an ware musu rukuninsu a gasa. Gaskiya ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a wannan ƙaura aka gina wasa mai haɗari wanda ba shi da benci.

A makaranta, makarantar ce ke riƙe da tawaga. A zaure mai zaman kansa, iyaye ne ke biya: kuɗin wata, kuɗin yunifom, kuɗin wanda ya tsara wasan, kuɗin kiɗa, kuɗin shiga gasa, otal da tafiya. Uwar da ta fitar da wannan duka ba za ta yarda 'yarta ta zauna a gefe tana jiran wata ta ji ciwo ba, kuma ba wanda zai ga laifinta. Saboda haka duk yarinyar da ta yi rajista sai an ba ta wuri a kan dandamali. A ƙwallon ƙafa 11 ke cikin fili, sauran suna benci, in ɗaya ya faɗi a yi canji. A nan kuwa, ban da wasu manyan tawagogi da kan ajiye 'yan jiran ko-ta-kwana, kowa a ciki yake.

Sai kuma lissafin huɗu-huɗu. Ɗaga mutum sama aikin rukuni ne: ta sama ɗaya, masu ɗauka biyu a dama da hagu suna riƙe da ƙafafunta, da mai tsaron baya wadda ke kama idon sawu, take ƙirga, kuma ita ce ta farko da za ta tare kai da wuya in an samu faɗuwa. Tawaga mai mutum 20 tana da rukuni biyar cif. In ɗaya ta kama zazzaɓi ranar Alhamis, gasa kuma Asabar, ba mutum ɗaya aka rasa ba, rukuni guda ne ya mutu, sauran ukun sun zama 'yan kallo. Dala kuma ta fi muni, domin na sama suna riƙe da hannun juna ne. In gefe ɗaya babu, ba abin da ɗayan gefen zai dafa. Makin ɗagawa yana duba yawan rukunan da suka tashi idan aka kwatanta da yawan mutanen da ke kan dandamali, don haka giɓin yana bayyana a takardar alƙalai.

To mai horarwa ya waiwaya, ina zai samo wadda ta san riƙo, ta san ƙirgen takwas-takwas da ake bin kiɗa da shi, kuma tana da rajista a kulob ɗin? Tana nan a ɗaya gefen zauren, cikin wata tawaga. Haka raba ƙafa ya faro: aron hannu na mako ɗaya ko biyu. Da aka ga aron yana aiki, sai aka daina jiran ciwo. Tun a watan Mayu, lokacin tantancewa da raba yara, ake zana tawagogi da 'yan aro a ciki. A ce kulob yana da yara 11 da suka dace da wani mataki. Rukuni biyu ke nan da saura uku. A ɗauko ɗaya daga wata tawaga, sun zama 12, rukuni uku, dala ta samu tsakiya da gefe biyu. Babu mugun nufi a wannan lissafi, kuma shi ya sa ya yi wuyar tumɓukewa. Maganin gaggawa ne ya zama ginshiƙin da aka ɗora gini a kai.

A 2003 aka kafa ƙungiyar USASF, mai tsara dokokin wasan All Star a Amurka, a 2004 aka yi gasar duniya ta farko ta kulob-kulob a Orlando, jihar Fulorida. Daga wannan lokaci aka samu dokoki na bai-ɗaya da matakai, waɗanda yanzu suka kama daga 1 zuwa 7. Wannan tsari ya ceci ƙasusuwa da yawa, domin ya hana a sa yaro abin da ya fi ƙarfinsa. A mataki na 1 ba a cilla kowa sama, alkafurar ma hannu na ƙasa. A na 2 ake fara tsallen baya a dira a kan hannu. A na 3 ake juyawa a iska bayan an ɗauko gudu. A na 4 ake yin juyin daga tsaye, ko kuma a yi juyin da jiki a miƙe. A na 5 ake ƙara murɗawa ɗaya, a na 6 biyu. Ga kuma rukunan shekaru, daga 'yan ƙanana har manya, waɗanda iyakokinsu ke hawa kan juna, ta yadda mai shekara 12 tana iya cancantar rukuni biyu, wani lokacin uku.

Kulob mai yara ɗari biyar zai cike waɗannan gurabe ba tare da aro ba. Mai yara 60 fa? In ya haɗa su a tawaga biyu, gwanayensa uku ko huɗu za su gaji da wasan da ya gaza su, su koma babban kulob na gari na gaba. In ya buɗe musu tawaga mai mataki sama, sai ya ja wasu daga ƙasa su cike, su kuma gwanayen su sauko su riƙe ta ƙasa don kada ta rushe. Ko da aka ware wa kulob masu yara 125 zuwa ƙasa sashensu na gasa, abin da aka rage shi ne karawa da manya. Lissafin huɗu-huɗu yana nan yadda yake.

Ranar gasa ake ganin kuɗin da jiki ke biya. Manyan gasanni na kwana biyu ne, kowace tawaga ta hau sau ɗaya a rana. Mai tawaga uku za ta hau sau shida, kuma kafin kowace hawa akwai ɗakin ɗumama jiki inda ake bi tabarma-tabarma da agogo, a gwada ɗagawa, a gwada alkafura, wani lokaci a yi wasan kusan gaba ɗaya. Masu shirya gasa sukan yi ƙoƙarin ba da tazara, amma ba su cika yin alkawari ba. Sai ka ga yarinya ta sauko daga dandamali tana haki, wata uwa na jiranta a bakin labule da riga ta biyu da ribbon kai, ta canja a gurguje, ta ruga ta tarar tawagarta ta riga ta gama tabarmar farko. Ba ta ci komai ba tun safe sai ruwa da ɗan biskit. Wuyan hannun mai ɗauka da ya gaji ba ya kullewa yadda ya kamata, ƙafar ta sama ta karkace kaɗan, mai tsaron baya ce za ta karɓi nauyin a ƙirji.

Akwai kuma ruɗewar jiki, wadda ba ruwanta da gajiya. Ana haddace wasan ne da maimaici har ƙafa ta riƙa tafiya da kanta. A tawaga ta farko, a ƙirge na biyar hagu ake yi. A ta biyu, baya ake ja. Ɗaya daga cikin kurakuran da masu horarwa suka fi tsoro shi ne mai mataki na 4 ta manta tana cikin tawagar mataki na 2, ta saki juyin iska inda doka ta ce sai da hannu a ƙasa. Alƙalin doka zai zaftare maki, kuma tawagar gaba ɗaya ce ta yi asara. In kuwa ciwo ya samu mai raba ƙafa, tawaga biyu ko uku ne za su sake tsara wasa a mako guda.

Shi kuma zargin ha'inci, yana da tushe, sai dai ana cakuɗa abu biyu. Daban ne a ari mai ɗauka ɗaya don rukuni ya tashi, daban ne a kwaso rabin tawagar mataki na 5 a zuba a ta mataki na 2. A na biyun, yaran da suka shekara suna fama da tsallen baya za su kara da waɗanda suka wuce wurin tun shekara huɗu baya, kuma a cikin kulob ɗin kansa an ture 'yan asalin matakin zuwa layin baya. Wannan yana kashe gwiwar yara, kuma ya cancanci fushin da ake yi da shi. Amma shi ne ya cinye muhawarar, har aka manta da yarinyar da ba ta cuci kowa ba, tana tauna taura biyu ne kawai don an roƙe ta.

Dokoki sun yi ta biyo baya. Ƙa'idar da aka fi sani ita ce ɗan wasa ba zai wakilci kulob biyu a gasa ɗaya ba, kuma ba zai wuce tawaga uku a cikin kulob ɗinsa ba. A gasar duniya tawaga ɗaya tak aka yarda. Wasu gasannin ƙarshen kaka suna ƙara matsewa, su taƙaita yawan tawagogi ko su hana sauka da nisa daga matakin da mutum yake. Duk waɗannan suna ƙirga abin da ke faruwa ranar gasa ne. Ranakun mako kuwa, inda kowace tawaga ke atisaye sau biyu ko uku, kowanne kimanin awa biyu, ban da ajin alkafura na daban, babu alƙalin da ke gani. Mai tawaga biyu tana iya kwana huɗu ko biyar a zaure, wani lokaci atisaye biyu a jere a yamma ɗaya, kuma a ƙarshen kowanne ake yin cikakken gwaji, lokacin da ƙarfi ya riga ya ƙare. Tun 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta nemi a ɗauki zuga a matsayin cikakken wasan motsa jiki don ya samu irin kulawar da sauran wasanni ke samu, kuma a 2021 kwamitin Olamfik na duniya ya amince da hukumar wasan ta duniya, ICU. Martaba ta ƙaru, amma awannin da gwiwar 'yar shekara 12 ke sha a mako suna hannun mai horarwa da iyaye.

Shi ya sa kulob ɗin da suka ɗauki abin da muhimmanci suke yanke hukunci tun a watan Mayu, kafin a ɗinka yunifom. Sukan bar mai raba ƙafa a matsayi iri ɗaya a duk tawagogin, mai ɗauka ta dama ta zauna a dama, don riƙon kada ya canja mata. Ba sa haɗa mata matakai masu nisa da juna. Sukan rage mata alkafura a tawaga ta biyu, su bar mata ɗagawa kaɗai, tunda don ita aka aro ta. Wasu kuma sukan koya wa yarinya ɗaya ko biyu wasan wata tawaga ba tare da sun sa su a ciki ba, a rage wa iyayensu kuɗi, su zauna da shirin shiga ranar da aka buƙace su.