Fari a jihohin Bauchi da Gombe

Fari shi ne ƙarancin ruwan sama, ko ɗaukewarsa a lokacin da shuka da dabbobi suka fi bukatarsa. A Bauchi da Gombe ya fi addabar arewaci, wato yankunan Katagum, Gamawa, Zaki da Dambam, sai Nafada, Funakaye da Dukku, inda damina ke da gajarta.

Ruwan yankin yana zuwa ne da iska mai laima daga Tekun Atilantika. Idan zafin tekuna ya sauya, kamar a shekarun El Niño, wato lokacin da ruwan Tekun Pasifik ya yi ɗumi fiye da kima, iskar kan yi rauni, damina ta makara ko ta janye da wuri. Hannun mutum kuma yana ƙara wa abin muni: sare itatuwa don itacen girki da gawayi, da nome gona shekara da shekaru ba hutu, suna barin ƙasa tsirara ta kasa riƙe laima.

Manyan fari da aka yi a arewacin Najeriya sun haɗa da na 1913 zuwa 1914, da na 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, wanda ya zo tare da annobar bushiya da ta halaka shanu masu yawa. Amma farin da ya fi cutar manomi a yau ba lallai ya kai shekara ba. Ruwa ya sauka, a yi shuka, sai ya ɗauke mako biyu ko uku. Yabanya ta ƙone, a sake shuka da irin da aka ranto, kaka ta zo rumbu bai cika ba. Masara ta fi gero da dawa shan wuya a irin wannan. Daga nan hatsi ya yi tsada, a karyar da dabbobi a kasuwa, samari su tafi cin rani, makiyaya su gangara fadamu neman ciyawa da mashaya, rikici ya tashi tsakaninsu da manoma.

Jama'a na da dabarunsu tun da can: haɗa gero da wake a gona ɗaya, neman iri mai saurin nuna, da fita sallar roƙon ruwa. A ɓangaren gwamnati, an kammala dam ɗin Dadin Kowa a kan kogin Gongola a 1984, kuma daga nan garin Gombe ke shan ruwa, ko da yake noman ranin da aka yi fata ya daɗe bai kai yadda ruwan zai iya ɗauka ba, abin da ya kamata a ce an ba shi fifiko tun farko. Dam ɗin Kafin Zaki a kan kogin Jama'are bai kammalu ba, ana kuma jayayya a kansa saboda tsoron bushewar dausayin Haɗejiya da Nguru. Jihohin biyu suna cikin 11 da shirin Great Green Wall na dashen itatuwa ya shafa, Gombe kuma ta ƙaddamar da nata, Gombe Goes Green, a 2019. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina kowace shekara, sai dai amfaninsa ya dogara ga isarsa ƙauye da Hausa ko Fulatanci kafin a zuba iri.