Waƙa da Sujada a Ikkilisiyar Baftis

Hidimar waƙa a ikkilisiyar Baftis ita ce aikin zaɓen waƙoƙi, horar da mawaƙa, da jan jama'a su rera tare a lokacin sujada. Da yake kowace ikkilisiya cin gashin kanta take yi, babu wani tsarin sujada da aka ɗora wa kowa daga sama. 'Yan ikkilisiya ne ke yanke abin da za a rera da abin da za a kaɗa. Ayoyin da aka fi kafa hujja da su su ne Afisawa 5:19 da Kolosiyawa 3:16.

Tarihi

Baftis na farko, waɗanda suka taru a Amsterdam a 1609 tare da John Smyth, ba su yarda a riƙe littafi a hannu ana sujada ba. A Ingila ma an daɗe ana ɗari-ɗari da waƙar taro. Masu ƙi suna cewa kalmomin shirin mutum ne, marasa bi da suka shigo za su sa baki, ga kuma muryar mata da za a ji a majami'a.

Wanda ya karya wannan shinge shi ne Benjamin Keach (1640–1704), faston wata ikkilisiya a Southwark ta Landan. A hankali ya bi da mutanensa. Wajen 1673 ya fara sa a rera waƙa ɗaya bayan Jibin Ubangiji, yana mai nuni da Matta 26:30, inda Yesu da almajiransa suka yi waƙa kafin su fita. Daga baya aka ƙara da ranakun godiya. Sai a 1691 ikkilisiyar ta amince a riƙa waƙa kowace Lahadi, kuma aka ajiye ta can ƙarshe, bayan wa'azi, domin wanda ransa bai kwanta ba ya fice kafin a soma. Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba. Wani ɗan Baftis mai suna Isaac Marlow ya yi ta rubutu yana sukar lamarin, Keach yana mayar masa da martani, har wasu suka ɓalle suka kafa tasu ikkilisiyar a Maze Pond, a Landan ɗin. Su ma bayan kimanin shekara 40 suka koma waƙa. Keach ya wallafa waƙoƙi kusan 300 a 1691, amma ba gwani ba ne a baiti, kuma da wuya a ji ana rera nasa a yau.

Ƙarni na 18 ne ya kawo gwanayen. Anne Steele (1717–1778) ta fitar da waƙoƙinta a 1760 da sunan aro, Theodosia. A 1787 John Rippon ya tattara wani kundi don ya zama ƙari a kan waƙoƙin fitaccen marubucin waƙoƙin sujada Isaac Watts, ya kuwa karɓu a Ingila da Amurka. Rippon yana kiwon ikkilisiyar da Keach ya taɓa riƙewa ne, wadda daga baya shahararren mai wa'azi Charles Spurgeon ya gada. A zamanin Spurgeon dubban mutane kan rera ba tare da ogan ba: mutum ɗaya ya ɗauko murya, jama'a su bi.

Amurka

Inda littattafai suka yi ƙaranci, jagora kan furta layi ɗaya da sauri, jama'a su maimaita suna jan sa a hankali, sannan ya ba da na gaba. Wannan salo bai mutu ba a wasu ikkilisiyoyin tsaunukan Appalachia da na baƙar fata.

A ƙarni na 19 waƙoƙin bishara masu amshi suka yaɗu, ta hannun irin su Robert Lowry da William Doane. A Chicago, Thomas Dorsey ya karɓi ragamar mawaƙan majami'ar Baftis ta Pilgrim a 1932, ya haɗa saƙon bishara da salon kiɗan baƙar fata. Shahararriyar mawaƙiya Aretha Franklin ma a majami'ar Baftis ta mahaifinta da ke Detroit ta buɗe murya.

Baftis na Kudu, wato babbar ƙungiyar Baftis ta kudancin Amurka, su ne suka mai da hidimar aiki na cikakken lokaci. Makarantar tauhidi ta Southwestern ta buɗe sashen waƙa a 1915, hukumar makarantun Lahadi ta buɗe nata a 1941. Littafin waƙoƙinsu ya fito a 1956, 1975, 1991 da 2008.

Kayan kiɗa

Wasu rassa na masu riƙon tsohuwar hanya har yanzu da murya kaɗai suke waƙa. Amma yawancin ikkilisiyoyin Baftis sun karɓi ogan da fiyano.

Halin yanzu

Fasto da shugaban mawaƙa kan zaɓi waƙoƙin da suka dace da nassin wa'azi. A wurare da yawa akan rufe da waƙar gayyata, ana rerawa masu son tuba ko baftisma suna fitowa gaba. Tun wajen ƙarshen ƙarni na 20 jita, ganguna da allon majigi suka shigo. Wasu na ganin sun jawo matasa, wasu na kukan ƙarar lasifika ta danne muryar jama'a.