Oftimaizeshan ba ingantawa ba ne

Kwanan nan da wuya ka kunna rediyo ka yi awa guda ba ka ji wani ya ce oftimaizeshan ba. Mai tallan koyar da kwamfuta yana faɗa, ɗan siyasa mai maganar kuɗin shiga yana faɗa, ɗaliban jami'ar ABU na harabar Kongo a Zariya da ake ba aikin manhajar lissafi ta Excel ma sun kawo kalmar har teburin mai shayi. Mai fassara kuma sai ya ce "ingantawa" ya wuce. Wannan fassarar ce take ci mini tuwo a ƙwarya.

Ingantawa ita ce ka gyara abu ya fi yadda yake jiya. Kalmar oftimaizeshan kuwa tushenta optimus ne na Latin, wato mafi kyau duka, wanda babu na sama da shi. Kuma masu lissafi ba sa neman mafi kyawun nan sai a cikin iyakar abin da ke hannu. Iya kuɗinka, iya shagalinka.

A ce ga tela a Tudun Wada, Sallah ta matso, awa 60 na aiki suka rage masa. Babbar riga mai aiki tana cin awa 10, ribarta naira 15,000. Kaftani yana cin awa 3, ribarsa 6,000. Ido zai ce masa ya rungumi babbar riga tunda ita ce mai tsoka: guda 6, naira 90,000. Amma ba yadi ne ya yi masa ƙaranci ba, lokaci ne. Idan ya raba ribar da awa, babbar riga na ba shi 1,500, kaftani 2,000. To sai ya koma kaftani zalla? A'a, don mutum 10 ne kaɗai suka kawo ɗinkin kaftani. Ya ɗinka goman a awa 30, ya cike sauran da babbar riga 3, ya tashi da 105,000. Keken bai canza ba, hannunsa bai ƙara sauri ba, babu abin da aka inganta. Rabon lokacin ne kawai ya sauya.

Abin da ɗaliban nan suke yi ke nan a jadawalin Excel. Gida ɗaya na abin da ake so ya kai ƙololuwa, wasu gidajen na adadin da za a zaɓa, sannan layukan iyaka, sai a bar Solver, wani sashe na Excel da aka yi don wannan aikin, ya lalubo amsa. Da kaya iri biyu ne takarda ta isa. Idan suka kai talatin, dole kwamfuta. Dabarar ma ta girmi Excel nesa ba kusa ba. Masanin lissafi Leonid Kantorovich ya tsara ta a 1939 a Tarayyar Sobiyat, kan matsalar masana'antar katako, wani masanin lissafin kuma, George Dantzig, ya fito da hanyar warware irin wannan lissafin mai suna Simplex a Amurka a 1947, wadda har yau tana cikin Solver.

Wurin da na fi so shi ne jadawalin yana gaya wa telan darajar abin da ya rasa. Ƙarin awa 10 zai kawo masa 15,000, don haka idan man janareta da ladan yaro na waɗannan awannin sun wuce haka, kwanan shago asara ne.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan jami'i ya ce za su yi oftimaizeshan na haraji, bai faɗi me ake son ya ƙaru ba, bai faɗi iyakar da ba za a ƙetare ba. Kuɗin da ke shiga asusu ne, ko yawan 'yan tireda da za su iya ci gaba da buɗe shago a Sabon Gari? Amsoshin biyu sun sha bamban, kuma kwamfuta ba ta zaɓar wa kowa.

Telan ma haka. Idan dattawa huɗu na unguwa da suka shekara ashirin suna ɗinki a wurinsa suka kawo babbar riga, ba zai mayar da ko ɗaya ba. Sai ya rubuta wannan a layin iyaka: babbar riga kada ta gaza 4. Jadawalin zai ba shi kaftani 6, jimilla 96,000, ya ga da idonsa cewa naira 9,000 ya bari saboda su.