Ƙaramar gona ba takin zamani: tambayoyin masu son farawa

Tun da buhun takin zamani ya fara gagarar talaka, matasa da yawa suke tambaya ko za a iya noma a ci riba ba tare da shi ba, ba kuma tare da maganin feshi na kanti ba. Ga tambayoyin da suka fi yawo, har da wadda ake yi a cikin raɗa.

Wannan noma sabon abu ne?

Sunansa na Turanci, “organic”, wato noma ba sinadari, shi ne kawai sabo. Kakanninmu a karkarar Kano sun shekara aru-aru suna noma gona ɗaya ba hutu, suna kai mata taki a mangala a kan jakuna, suna barin Fulani su sauka da shanu bayan kaka don su kwana a gonar. Ba sa sare gawo, domin shi yake zubar da ganye da damina, ya ba hatsi rana, ya kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. Abin da ya canza shi ne yanzu akwai masu saye da ke biyan ƙarin kuɗi a kan abincin da ba a yi wa feshi ba.

Gona mai girman yaya zan fara da ita?

Wadda takinka zai iya ciyarwa. Mutane sukan fara da neman fili mai faɗi, alhali tambayar farko ita ce: ina za ka samo taki, ina kuma ruwa? Rabin eka kusa da rijiya ko fadama ta fi eka biyar a kan tudu mai nisa da garke. In kana da awaki huɗu da kaji ashirin a gida, ka riga ka yi gaba.

Yaya ake haɗa takin?

A nan aikin yake, kuma a nan yawanci ake faɗuwa. Ka haƙa rami a inuwa, ka shimfiɗa kara da busasshen ganye, ka zuba kashin dabbobi, ka barbaɗa toka, ka yayyafa ruwa, ka sake maimaitawa har ya cika. Duk mako biyu ka juya shi. Idan ka sa hannu ka ji zafi, yana aiki. Idan ɗoyi yake yi, ruwa ya yi yawa. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya koma ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari.

Kada ka yi gaggawar zuba ɗanyen kashin kaji a gindin shuka, ƙona ta zai yi. Ɗanyen kashin shanu kuma yakan zo da irin ciyawa, ka sayi wahalar noma da kuɗinka. Takin bola na birni da aka saba da shi a da, yau cike yake da leda da mataccen batir da fasasshiyar kwalba. Ni dai ba zan kai shi inda zan shuka salak ba. Sannan ka riƙa sauya shuka: inda masara ko dawa ta zauna bana, baɗi wake ko gyaɗa su shiga, domin saiwarsu tana mayar wa ƙasa abin da hatsi ya zuƙe.

Ƙwari fa?

'Ya'yan darbejiya. A daka, a jiƙa su kwana, a tace, a ɗan sa sabulu, a fesa da yamma. Rana tana kashe ƙarfinsa, don haka sai an maimaita kusan duk mako, kuma ba ya kashe ƙwaro nan take kamar na kanti, hana shi ci yake yi. Wajen ajiyar wake, buhun PICS mai ninki uku yana toshe iska har ƙwarin su mutu ba a sa komai ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa.

Wane kayan aiki zan saya?

Fartanya, garma, sungumi, adda, lauje, baro, da bokitin ban ruwa. Ka je wurin maƙerin da manoman garin suke zuwa, ka zaɓi ƙota daidai tsawonka. Sai injin feshi na goyo, sabo, wanda bai taɓa ɗaukar maganin ciyawa ba, don ragowarsa na iya laƙume maka tumatir. Babban kuɗi ya tafi ga ruwa. Injin ban ruwa mai fetur ya fi araha wajen saye, na sola ya fi tsada amma ba ya shan mai. Kowanne ka zaɓa, ka fara tambaya ko akwai mai gyaransa da kayan gyaransa a kasuwar da ke kusa da kai.

Tarakta?

A rabin eka? Haya ake yi, ko a kira mai garmar shanu.

Na ji ana cewa wiwi ya fi komai kawo kuɗi, kuma wasu ƙasashe sun halatta. Gaskiya ne?

An halatta a wasu wurare, da sharuɗɗa. Lesotho ta fara ba da lasisin nomansa don magani a 2017, Kanada ta halatta shi a 2018, Maroko ta yi dokar nomansa don magani da masana'antu a 2021. A Najeriya kuwa haramun ne, kuma dokar hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa a 1989, ta tanadi hukuncin da ya kai ɗaurin rai da rai ga mai shuka shi, ban da ƙwace dukiya. Hukumar takan shiga dazuzzukan Ondo da Edo ta ƙone gonaki sukutum. Cewa da takin gargajiya ka noma shi ba hujja ba ce gaban alƙali. Mai neman amfanin gona na kuɗi, ga riɗi, ga zoɓo, ga zogale.

Wa zai sayi amfanin gonar da ba a sa wa sinadari ba da tsada?

A kasuwar ƙauye, ba kowa. Tumatir tumatir ne a kwando. Masu biyan ƙari suna birni: gidajen abinci, otal-otal, da iyalan da suka san ka suka yarda da kai. Fitarwa waje da sunan “organic” tana buƙatar takardar shaida, kuma a Turai sai gona ta yi shekara biyu ba sinadari kafin a karɓi amfaninta na shekara-shekara da wannan suna, a Amurka shekara uku. Kuɗin binciken da ake yi kafin a ba da takardar ya fi ƙarfin mutum ɗaya, shi ya sa ƙananan manoma kan shiga ƙungiya su yi takarda guda.